Kete Krachi: garin da ruwa ya matsar

Wannan makon ba zancen farashi zan yi ba, duk da na san kowa na kuka da shi. Autana ne ya ja ni zuwa wata magana. Ran Asabar muna zaune a ƙofar gida nan Kokomlemle yana cike takardar makaranta, ya iso wurin da ake tambayar garin asali, sai ya rubuta Nima. Na ce masa a Nima aka haife ka, amma kakanka mutumin Kete Krachi ne. Yaro ya ɗago kai ya ce, "Baba, wanda ke Pakistan?" 'Yan'uwansa suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don laifin nawa ne. Shekarunsa 14 ban taɓa kai shi ba.

To bari in faɗa masa, in faɗa wa 'ya'yanku da irin wannan ta shafa.

Kete Krachi na bakin Tafkin Volta, a Yankin Oti, wanda aka yanke daga Yankin Volta bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 2018. Babban birnin yankin Dambai ne. Garin yana zaune a kan wani harshen ƙasa da ya kutsa cikin ruwa: reshen kogin Oti ta gabas, babban reshen Volta ta yamma. Hanyar mota ta arewa take shigowa. In ka taso daga Ankara ka haye gadar Adomi, ka bi ta Hohoe da Jasikan har Dambai, dole ka tsaya jiran jirgin fito ya ƙetarar da motarka Oti. Wannan jiran shi ne rabin labarin kasuwancin wurin. Na taɓa kwana a bakin ruwan da lodin doya, injin jirgi ya lalace, rana ta kwana biyu tana dukan kaya. Da na iso Agbogbloshie abin da na tsira da shi bai biya kuɗin mota ba.

Amma garin da za ka tarar yau ba shi ne wanda mahaifina ya tashi a ciki ba. Wancan yana ƙarƙashin ruwa.

A da, gari biyu ne maƙwabta. Krachi na 'yan ƙasa, mutanen Krachi, waɗanda ke cikin dangin Guan, masu tsafin Dente da ake zuwa masa daga nesa, har daga ƙasar Asante. Kete kuwa zango ne, wurin saukar baƙi. Abin da ya sa wurin ya yi kasuwa shi ne kogin: akwai duwatsu a daidai nan da ke hana jiragen ruwa wucewa kai tsaye, don haka gishirin Ada da ake hauro da shi a kwalekwale sai an sauke shi. Inda aka sauke kaya kuwa, nan Bahaushe ke shimfiɗa tabarmarsa. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, fataken goro suka watse, da yawansu suka gangaro Kete, zango ya cika ya batse. Jamusawa suka kafa barikinsu a wurin a 1894.

Cikin waɗanda suka zauna a Kete akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubucin waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, wanda ya yi limancin garin har ya rasu a 1934. Baturen Jamus Adam Mischlich, mai ƙamus ɗin Hausa na 1906, ya yi zama a Kete Krachi kuma ya ɗebi ilmi a wurinsa. In ka bi silsilar malaman zangunan Gana da dama, za ka ga ta biyo ta hannun almajiransa. Wato wannan ɗan garin da yarona ya kai Pakistan yana da hannu a karatun allon da shi kansa ke yi a Nima.

Sai aka gina madatsar Akosombo, aka gama a 1965. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum wajen 80,000 aka tasa daga gidajensu, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Kete da Krachi na ciki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce ba rana ɗaya ruwan ya zo ba. Kullum ka tashi sai ka ga ya ɗan ƙara matsowa, yau ya ci gonar wane, jibi ya taɓa katangar wane. Gidan da aka ba su a sabon gari ɗaki ɗaya ne, wai kowa ya ƙara da kansa. Mai mata biyu da 'ya'ya tara fa? Shi ya sa shi da ƙannensa suka yo kudu, wani Kumasi, wani Ankara. Bayan 'yan shekaru kuma dokar korar baƙi ta 1969 ta sake kwashe wasu zuwa Najeriya da Nijar, ciki har da waɗanda ba su taɓa ganin can ba.

Yanzu su wa ke garin? Mutanen Krachi na nan da sarautarsu. Konkomba sun riƙe noman doya a ƙauyukan tudu. Bakin ruwa da tsibirai kuwa yawanci masunta ne Ewe da suka hauro daga ƙasan kogi bayan tafkin ya cika, su ke kamun kifin da matanmu ke sarin bandarsa. A zango akwai Hausawa da Kotokoli da sauransu, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa tare da Twi. Ƙidayar 2021 ta ba duk gundumar Krachi ta Yamma mutum dubu 60 da ɗoriya, gari da ƙauyuka da tsibirai gaba ɗaya. Yankin Oti dukansa bai kai dubu 750 ba, a ƙasar da ta haura miliyan 30.

Ga inda abin ke ci mini rai. Ƙidaya inda ka kwana take ƙirga ka. Daren 27 ga Yuni 2021 ni da iyalina mu tara a Kokomlemle muka kwana, Ankara ta samu mu tara. Haka ɗaruruwan gidaje a Nima da Maamobi da asalinsu can ne. Idan masu rabon makaranta da asibiti da hanya suka buɗe littafi, ƙaramin gari suke gani, su ba shi ƙaramin rabo. Ba na cewa kowa ya tattara ya koma, ni ma abincina a nan yake. Amma mu da ke cin riba da doyar wurin da kifinsa, a ce ba mu da ko kwamitin da zai je ya yi magana a kan jirgin fito ko alkawarin gadar Dambai da aka daɗe ana yi, wannan kam da sake. Kuɗin suna da biki muna tarawa cikin mako guda.

Wani abu kuma ga mai niyyar zuwa: in za ku shiga kwalekwale mai inji, zuwa tsibiri ko ƙetarawa Kojokrom, kada ku yarda a yi muku lodin da ya wuce kima, kuma ku nemi rigar ruwa ko da za a yi muku dariya. Ba a sare itatuwa ba kafin ruwan ya rufe dajin, kututturansu na nan tsaye a ƙasa, sun sha fasa jirage. Iskar yamma ma ba ta sallama.

Na yi wa autan alkawari hutun Disamba za mu tafi, lokacin hanya ta bushe. Akwai wani tsoho a zango, abokin mahaifina, da ya ce in ruwa ya ja baya sosai yana iya nuna daidai inda kasuwar tsohon Kete take. Ya haura tamanin, kuma bara da na je ya fara dogara sanda.