Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar NITDA: A Fara Da Kurame Kafin Na'ura



Na rubuto ne a kan tallafin karatun da hukumarka ta saba bai wa masu neman digiri na biyu da na uku a fannin fasahar zamani. Roƙona a ware wani kaso, ko da kaɗan ne, domin binciken da zai sauƙaƙa zance tsakanin kurame da masu ji. Sai dai akwai sharaɗi, don in aka saki kuɗin haka kawai, na san abin da ɗalibai za su kawo maka: safar hannu mai wayoyi.

A 2016 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Washington a Amurka sun ci kyautar Lemelson-MIT ta dala 10,000 da irin wannan safa, mai suna SignAloud, wadda aka ce tana mayar da motsin hannu magana. Jaridu suka yi ta kambama ta, kurame da masana harshe kuwa suka ce a dakata. Harshen kurame ba a yatsu kaɗai yake ba. Ɗaga gira kan mayar da zance tambaya, girgiza kai ya kore shi, wurin da aka nuna a gaban jiki ya fayyace wa ake nufi. Safa ba ta ganin fuska. Ko da ma ta yi aiki, wa ta taimaka? Mai ji ya gane abin da kurma ya ce, ya ba shi amsa da baki, kurma na nan inda aka bar shi, ga kuma wayoyi an ɗaura masa. Duk da haka ɗaliban injiniya a ƙasashe da dama ba su daina ƙera irinta ba, saboda tana ɗaukar ido ranar baje koli.

A nan gida akwai tambayar da ta riga wannan: wane harshe za a koya wa na'urar? Wanda ake amfani da shi a makarantun kurame ya samo tushe daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kuma kurma, wanda ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Amma ƙasar Hausa tana da nata, maganar hannu, wadda kurame ke koya daga junansu a unguwa da kasuwa da majalisar hira, har masu ji da yawa suna ɗan taɓawa. Wata Bajamushiya masaniyar harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a shekara ta 2000. Ɗalibin da ya shiga intanet neman bidiyon da zai horar da manhajarsa, na Amurka zai tarar jibge. Ya gama aikinsa, ya ci jarrabawa, manhajar kuma ba za ta gane ko kalma ɗaya daga bakin hannun tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Don haka kuɗin farko ya kamata ya tafi ga aikin da ba ya burge kowa: ɗaukar bidiyon kurame suna hira, maza da mata, na birni da na ƙauye, ɗaliban makarantar kurame ta Tudun Maliki da waɗanda ba su san ƙofar makaranta ba, a fassara, a tsara, a adana. Aiki ne na shekaru, mai cin rai. A nemi yardar duk wanda za a ɗauka cikin harshen da yake fahimta, a biya shi ladan lokacinsa, a kuma rubuta tun farko cewa taskar ba mallakar wani kamfani ba ce. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, tana da na harsunan Nijeriya, tana da masu kwamfuta. A haɗa su a kan tallafi ɗaya, in ba haka ba kowa zai ja nasa.

Sharaɗin da na ambata shi ne wannan: kada a ba da tallafi ga binciken da babu kurma a cikin masu yin sa. Ba wanda za a gayyato ranar ɗaukar hoto ba, wanda sunansa ke cikin takardar kuma alawus ɗinsa ke shiga asusunsa. Za a ce maka kurame masu digiri ba su da yawa. Haka ne, shi ya sa bai kamata a tsaya a digiri na biyu ba; a buɗe ƙofa ga masu digirin farko da waɗanda suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo. A karɓi bayanin mai nema ta bidiyo. A sa kuɗin tafinta cikin tallafin, domin ɗalibi kurma da ba shi da tafinta a lacca zaman kallo kawai yake yi. A teburin masu tantancewa kuma a ajiye kujera ga ƙungiyar kurame ta ƙasa, NNAD.

In ka tambayi kurame inda ya fi yi musu ciwo, ina kyautata zaton asibiti zai zo a gaba. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadin hanyar magana da irin waɗannan marasa lafiya. Mace mai naƙuda ba ta buƙatar abin al'ajabi. Tana buƙatar tafinta ya bayyana a wayar ungozoma cikin minti biyu, ko da sabis ya yi rauni. Manhajar da ke rubuta abin da ake faɗa, irin Live Transcribe da Google ya fitar a 2019 tare da Jami'ar Gallaudet ta kurame, ita ma abar koyi ce, a yi mai jin Hausa sosai. Amma a tuna yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta kurmanta tun kafin ya shiga makaranta, rubutu ba lalle ya amfane shi ba.

Idan ɗalibi ya zo neman kaso na biyu na kuɗinsa, a sa ya zo da kuramen da suka gwada abin da ya ƙera, su faɗa wa kwamiti da hannunsu ko sun ci gaba da amfani da shi bayan ya tafi.

Allah ya taya riƙo. Wassalam.