A fara tun kafin ciki ya fito

Mata da yawa a yankinmu ba sa zuwa awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida. Ga ƙwayar folik asid, an riga an makara. Lakar gadon baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, sau tari kafin uwa ta tabbatar ta yi ɓatan wata, kuma ƙarancin sinadarin a wannan gaɓa kan sa a haifi jariri da buɗaɗɗen baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha maikirogiram 400 na folik asid kullum, tare da ayon miligiram 30 zuwa 60. Amarya ma ta cancanci jin wannan bayani tun kafin tarewa.

Abin takaici, wadda ta karɓo maganin ƙarin jini takan jefa shi bayan kwanuka da zarar zuciyarta ta tashi ko bayan gidanta ya yi baƙi. Ba wanda ya gaya mata baƙin ba illa ba ne, balle ya gargaɗe ta cewa shayin da take korawa da shi yana hana jiki tsotse ayon.

Man kifi na omega-3 yana rage haɗarin haihuwar bakwaini, amma kifin titus ko sadin ya fi kwalbar kemis sauƙin kuɗi. Bitamin A mai yawa kuwa yana iya nakasa ɗan tayi, don haka muna kira ga hukumomin lafiya su hana masu kemis rubuta wa mai ciki magani da ka.