Kafin jirgi ya tashi, a rubuta wanda zai biya

Mai kamfanin sarrafa shinkafa ya yi odar inji daga China, sai ya ɗauki injiniya mai zaman kansa ya je ya gwada kayan kafin a yi musu lodi. Ladan aiki an yi ciniki an tsaya. Kuɗin tafiya kuwa ba a ce komai ba sai "ka je kawai, in ka dawo ma yi lissafi." A wannan lissafin na bayan dawowa zumunci yake lalacewa, kuma galibi ɗan kwangila ne ke kwana a ciki.

Tushen matsalar shi ne yadda mutanenmu ke kallon fita waje. Mai ba da aiki gani yake alfarma ya yi maka: ka hau jirgi, ka ga duniya, me kuma kake nema? Kai ma kunya ta hana ka tambayar wa zai biya otal. Alhali tafiyar aiki aiki ce. Daga Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa, yini guda ya tafi a hanya, haka ma dawowa, kuma shagonka ko ofishinka a rufe yake. Ko dai a biya kwanakin nan cikakku ko a biya rabi, amma a faɗa tun farko.

Sai batun canji, wanda ya fi komai ciwo. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da Babban Banki ya saki naira a tsakiyar watan, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya kashe dalarsa a otal, aka ja masa rai wata da watanni, sannan akanta ya lissafa masa da tsohon farashi, shi ya ɗauki nauyin tafiyar wani daga aljihunsa. Dole takarda ta fayyace da wane kuɗi za a biya, farashin wace rana, na banki ko na 'yan canji. Mafi sauƙi ma, mai aiki ya sayi tikiti, ya kama ɗaki, ya ba da guzuri a hannu. Ɗan kwangila ba banki ba ne.

Akwai kuma kuɗin da ba ya dawowa. Bizar ziyara ta Amurka dala 185 ce, ta ƙasashen Schengen yuro 90, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. In an soke tafiyar bayan an yanki tikiti fa? Asarar ta wanda ya ce a tafi ce.

Manyan hukumomi sun daɗe da raba wannan gardama. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jadawalin alawus na kullum ga kowane birni, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ma haka, gwamnatin Najeriya kuma tana da estakod gwargwadon matakin ma'aikaci. Ƙaramin kamfani na iya aron dabarar: tikiti da masauki a kawo rasit, abinci da tasi a yanke adadi guda a kowace rana. Babu mai tsayawa cacar baki kan kuɗin shayi. A kuma raba takardar ladan aiki da ta kuɗin da aka kashe, don kada a cire haraji daga kuɗin tikitin da ba riba ba ne.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Imam Malik a Muwaɗɗa, babin ƙiradi, ya halatta wa mai juya dukiyar wani ya ci ya yi sutura daga cikinta daidai gwargwado idan ya yi tafiya kuma dukiyar za ta ɗauka, amma ban da idan yana zaune a garinsu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take.

Su ma 'yan kwangila ba duka ke da gaskiya ba. Akwai mai sauka a ƙaramin masauki ya kawo rasit ɗin babban otal. Akwai mai ƙara kwanaki yana zaga kasuwar wayoyi, ya cika akwatuna da hajarsa, sannan ya ɗora kuɗin wuce kilo a kan mai aiki. Wannan cin amana ne, kuma irinsu suka sa ake yi wa kowa kallon ɓarawo. Kwanan da ka ƙara don harkarka, kai za ka biya.

Duk maganar nan ba ta wuce shafi ɗaya ba: kwanaki nawa, wane irin ɗaki, nawa a rana, wane farashin canji, yaushe za a biya. Ko a WhatsApp aka rubuta, kowa ya amsa da "na yarda", ya wadatar. Mai aikin da ya ɓata rai don ka nemi a rubuta, ya riga ya nuna maka yadda biyan zai kasance. Ka ajiye fasfonka, ka nemi wani aikin.