Tsofaffin jiragen da suka ƙi yin ritaya

Mai karatu ya saba jin sunan tekun Bahar Rum cikin labarin baƙin ciki, na matasan da ke nitsewa a hanyarsu ta zuwa Turai. Da wannan nauyi a zuciya nake kallon ɗaya fuskar tekun, wato tseren tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da iska da ake yi a gaɓar kudancin Faransa.

A ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban kowace shekara, garin San Turofe kan cika maƙil. Attajirai su ke da jiragen, amma kallo kyauta ne ga duk wanda ya hau tudun tsohuwar ganuwar garin. Daga can sai ka hangi fararen filafilai sun rufe ruwa, jirage na kwanciya gefe guda in iska ta taso, matuƙa kuwa na jan igiya da ƙarfin damtse.

Asalin bikin ma gardama ce. A 1981 jirage biyu, Pride da Ikra, suka yi tsere don a san gwani, daga nan abin ya zama al'ada. A 1995 wani babban jirgi mai suna Mariette ya yi karo da wani ƙarami, mutum guda ya rasa ransa, aka dakatar da gasar. Sai a 1999 aka farfaɗo da ita.

To, ga tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dubi Tuiga, wanda William Fife ya ƙera a Sukotlan a 1909, yanzu kuma yake hannun ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Monako. Jirgin da ya haura shekara ɗari, me ya sa za a riƙa jefa shi cikin igiyar ruwa alhali ga gidan tarihi?

Ni dai ina bayan masu fitar da shi. Jirgin katako in aka jingine shi a tudu, bushewa yake yi ya tsattsage. Abin da ya fi wannan, ilimin da ke kewaye da shi ne ke fara mutuwa. Kafintan da ya san lanƙwasa katako, da maɗinkin filafilai, da matuƙin da ke karanta iska a fuskar ruwa, duk tseren ne ke riƙe da sana'arsu, shi ne kuma ke sa su ɗauki almajirai.

Ban ce babu alfahari da almubazzaranci a ciki ba. Akwai, har ya yi yawa. Da yamma jiragen kan jeru a bakin tasha, masu su na shagali a sama. A ƙasa kuwa wani saurayi ne durƙushe yana goge tagulla, dattijo na tsaye a kansa yana nuna masa inda ya tsallake.