Wanda ya dafa tuwo shi ke kwashewa

Wani matashi ya rubuta wa ƙanwata ɗan shiri da Python domin ya riƙa haɗa mata makin ɗalibai daga fayilolin Excel. Ya turo ta WhatsApp, ya ce ta sauke Python, ta buɗe baƙin allon nan na umarni, ta rubuta pip install, shi ke nan. Wai shi ke nan! Malamar firamare ce fa.

Ina zaune na ga yadda ta kaya. Ta rubuta python, Windows ya jefa ta Microsoft Store. Ta sauko da shi daga wani wuri, ba ta latsa ɗan akwatin PATH ba, don ba wanda ya gaya mata. Allo ya ce bai san pip ba. Muka gyara, aka fara sauko da pandas da shirin ke buƙata, data ta ƙare a tsakiya. Da ta kira matashin, sai ya ce ai a tasa kwamfutar lafiya lau yake aiki.

Wannan amsar ce ke ƙona mini rai. To kwamfutarka za ka ba ta?

PyInstaller kyauta ne. Umarni ɗaya, pyinstaller --onefile, zai tattara shirinka da Python ɗin kansa da duk abin da ya dogara da shi cikin fayil ɗaya na exe, mutum ya latsa sau biyu ya ci gaba da harkarsa. Akwai Nuitka, akwai cx_Freeze, su ma irin aikin suke yi.

Na san uzurin da ake kawowa. Fayil yana kumbura. Ƙwarai, idan ka jawo pandas da numpy don kawai ka karanta shafi uku na Excel, alhali openpyxl ya wadatar. Windows Defender kan yi zargin ƙwayar cuta ce, musamman ga fayil ɗin da ba a sa masa hannu ba, wannan ma gaskiya ne. Sannan PyInstaller ba ya haɗa exe na Windows daga Linux, sai ka nemi Windows. Duk wahala ce, ban musa ba. Amma wahalar wa ta kamata ta zama, taka kai da ka san hanya, ko ta malamar da ke da rajista sittin a gabanta? In abin ya ishe ka, ga harshen Go nan, daga Linux ɗinka za ka fitar da fayil ɗaya na Windows.

Ƙanwata dai ta koma kalkuleta da biro. Kai mai rubuta manhaja, kafin ka turo wa wani aikinka, ka gwada shi a kwamfutar da ba ta taɓa ganin Python ba.