Kula da Gida: In Kan Wayar Lantarki Ya Yi Zafi



Sau da yawa uwargida kan gama guga, ta zare kan wayar daga bango, ta ji ƙarfensa ya ƙona mata yatsa. Sai ta yarfe hannu ta ce ai kayan wuta ne, dole su yi zafi. To, ba dole ba ne. Dutsen guga aka ƙera don ya yi zafi, ba kan wayarsa ba. Ɗan ɗumi bayan dogon aiki babu laifi. Amma in hannu ya kasa riƙe shi, ko robar ta yi baƙi, ko ana jin ƙauri, kada a sake kunnawa sai an gano dalili.

A yawancin gidajen da muka ga wannan matsala, na'urar lafiyarta ƙalau. Laifin yana wurin da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, tsakanin kan wayar da ramin bango, wanda muke ce wa piriz, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma soket. In ƙarafan cikin piriz suka saki, ko suka yi tsatsa, ko ƙusar da ke riƙe waya ta kwance, sai wuta ta riƙa matsawa ta ɗan ƙanƙanin wuri, wurin ya ɗau zafi. Zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, gobe ya fi na yau. Dutsen guga mai wat 2000 a kan wutarmu ta bolt 220 yana jan amfiya 9 da ɗoriya, fanka kuwa ba ta kai rabin amfiya ba. Shi ya sa piriz ɗin da ya shekara yana ɗaukar fanka lafiya yake narkewa ranar da aka sa masa butar lantarki.

Ana iya gano inda ciwon yake ba tare da an kwance komai ba. A zare wayar, a taɓa ƙafafun a hankali. In ɗaya ta fi ɗaya zafi, a gefenta ne haɗin ya saki. Bayan ya huce, in robar ba ta ƙone ba, a kai na'urar wani piriz mai kyau. In zafin ya biyo ta, kan wayar ne. In bai biyo ta ba, na bangon ne. In kuwa wayar ce ta yi ɗumi tun daga sama har ƙasa, to ta yi wa aikin siriri, ko an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, mu na Maraɗi da Damagaram. Kayan da ake sarowa daga Kano da yawa suna zuwa da kai mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila, alhali ramukan gidajenmu masu zagaye ne irin na Faransa. Sai a sayo adafta mai araha, a cusa ta a ralanj, ralanj a cikin wata ralanj. Kowace mahaɗa wurin zafi ce. Wasu ma sukan yanke kan, su tura tsirarar waya su tokare da tsinken ashana. Wannan kam ba mu da abin cewa sai a bari.

Kada maigida ya ce ai akwai disjonkter. Shi yana yanke wuta ne in an ja fiye da ƙima ko wayoyi sun haɗu. Sakakken haɗi kuwa zai iya cin roba ƙurmus alhali wutar da ke wucewa ba ta kai ta tayar da shi ba.

Kan waya da ya taɓa ƙonewa ba a kankare shi a mayar. A kira mai gyaran wuta ya canja shi tare da piriz ɗin, domin ɗaya ya riga ya lalata ɗaya. A ce masa ya sa mai amfiya 16, kuma firigo da butar lantarki kowa ya samu ramin bangonsa. In har ta kai ga hayaƙi, a fara kashe disjonkter kafin a taɓa komai, kuma kada a watsa ruwa muddin akwai wuta a layin. Busasshen yashi ya fi.