Mai haɗa kiɗa: sau ɗaya ake biyansa, waƙar kuwa ta yi ta yawo

Daga tashar motar Mayahi har kasuwannin karkara irin na Issawane, yawancin waƙoƙin Hausa da ke tashi a wayoyin salula an haɗa su ne a ƙananan situdiyo na Kano ko Maraɗi. Kowa ya san mawaƙin. Wanda ya buga fiyano, ya tsara kiɗan, ya gyara murya a kwamfuta kuwa, sai dai a ambace shi a ƙarshen waƙa, in an ga dama.

Galibi ranar ɗauka ake sallamarsa, shi ke nan. Daga nan masu tura waƙa a memori su samu, mawaƙi ya samu a biki da taron siyasa, shi kuma ya koma jiran wani aikin, ga kuɗin man janareta.

A Nijar, dokar 23 ga Disamba 2010 ta amince da haƙƙin makaɗa da masu shirya faifai, kuma hukumar BNDA, da aka kafa a 1995, ita ke karɓar kuɗin haƙƙin mallaka. Sai dai rabon yana bin rajista ne, alhali cinikin situdiyo da baki ake ƙulla shi, babu takardar da ke nuna kason mai kiɗa.